Sandar Yaya da Makahon Auta

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun da sassafe kuna cewa na bar Tsoho Mai-sanda tsaye a bakin gada mako guda cur, ban tausaya wa ƙafarsa ba, na ji ƙorafinku. Ku matso mu zauna.

Ticha ya buɗe littafinsa, ya kafa kwalin da yake ɓoye takardunsa a baya, ya gyara zaman tabarau.

"To, jama'a. Inda muka tsaya."

Teburin dai shi ne na kowace Asabar da yamma, a falon su Auta, tsakanin ɗakin Yaya da ƙofar da ke ɓullewa shagonsa na kafinta. Auta ne ya haɗa teburin da hannunsa, shi ya sassaƙa 'yan mutum-mutumin da ke tsaye a kan taswira, shi ya fiƙe ɗan ludon nan mai fuska ashirin. Ticha ke ba da labari, kowa kuma yana da mutum ɗaya a ciki da yake magana da bakinsa. In mutuminka zai yi abu mai haɗari sai ka jefa ɗan ludo, lambar da ta fito ta yanke hukunci.

Direba yana da ƙaton jarumi mai gatari. Matarsa Nas tana da ɓarauniya mai saurin hannu. Auta kuwa, mako bakwai ke nan, ya zaɓi tsoho makaho ɗan aike.

Ranar da ya zaɓa, kowa sai da ya saci kallon ƙofar Yaya, yayarsa makauniya.

"Gada ce ta igiya," in ji Ticha. "Jarumi da ɓarauniya, kuna ganin katakai sun zube a wurare uku. Kai kuma Tsoho, kana jin ruwa can ƙasa, nesa ƙwarai. Iska tana bugun kuncinka na dama. Igiyar da ke hannunka jiƙaƙƙiya ce, tana kuka."

"Ni dai na gama magana," in ji Direba, bakinsa cike da biskit. "In saɓa shi a kafaɗa mu wuce. Tsohon nan bai kai nauyin gatarina ba."

"Ka tambaye shi tukuna," in ji Nas.

"Tambayar me? Taimako ne fa!"

Auta ya rufe ido. Haka yake yi in zai shiga bakin Tsoho, muryarsa ta sauka ta yi kaushi.

"Ɗana, ajiye hannunka. Kafin a haife ka nake kai saƙo gari-gari. Ban roƙi kowa ya ɗauke ni ba. In kana son taimakona, faɗa min abin da ke gabana, ka bar min ƙafata."

Direba ya daina tauna.

"Kai! Tsohon nan akwai baki."

"In ka faɗa fa?" in ji Nas a muryar ɓarauniya.

"In na faɗa, ni na faɗa. Ya fi min in kai wancan tsallaken a wuyan wani kamar buhu."

Ticha ya gyaɗa kai yana murmushi, ya tura masa ɗan ludo.

Ku da kuke karantawa, ku riƙe wannan magana da kyau, don mai faɗinta ba shi da bakin faɗinta. A daidai wannan lokaci, bayan tarin katakon da ke jingine a bangon shagonsa, akwai farar sanda mai naɗewa, gaɓa huɗu, naɗe cikin tsohon buhu. Ta Yaya ce. Wata huɗu da suka wuce mai babur ya shafe ta a kwanar layinsu, ta faɗa kwata, hannunta ya karye. Auta ne ya ciro ta, shi ya tsinci sandar, shi kuma ya dubi yayarsa a gadon asibiti ya ce sanda ta ɓata a cikin hayaniya.

Hannu ya warke tun tuni. Sabuwar sandar da ya ce ya yi oda kuwa har yau tana "hanya".

Shekara goma sha ɗaya Yaya tana amsa waya a wani asibitin haƙori, ita ke kai kanta ta dawo da kanta. Shekaranjiya shugabar wurin ta kira ta ce sun riƙe mata kujerarta iya riƙewa: in ba ta zo ran Litinin ba, za a bar wa wadda ke riƙon ƙwarya. Auta yana tsaye aka yi wayar. Ya ce shi zai riƙa kai ta kullum, hannu da hannu. Ta ce a'a.

Yau Asabar. Auta ya jefa ɗan ludo.

"Sha huɗu," in ji Ticha. "Tsoho ya taka. Sandarsa ta sami ramin farko, ya tsallake. Ta sami na biyu, ya tsallake. Yanzu yana tsakiyar gada, shi kaɗai, iska tana..."

Ƙofar Yaya ta buɗe.

Ba ta saba fitowa lokacin wasa ba. Takan gaishe su in sun zo, ta koma ɗaki. Yau sai ga ta ta taho, bayan hannunta yana shafar bango, ta zagaye kujerar Nas ba ta taɓa ta ba, ta tsaya a kan tebur.

"Sannunku da yaƙi."

"Yaya, sannu da fitowa!" Direba ya miƙe da sauri. "Ko mun dame ki da surutu?"

"Surutunku ai shi ne rediyona na Asabar. Akwai kujera?"

Auta ya zabura zai kama hannunta. Ta riga shi, ta jawo kujerar da kanta ta zauna. Nas ta zuba mata shayi, ta ajiye kofin da ɗan ƙarfi don ta ji inda yake.

"Na gode, ƙanwata. Ticha, ina da ƙorafi a kan wasanka."

Ticha ya cire tabarau. "Allah ya ba ki haƙuri, Yaya. Me muka yi?"

"Makon farko na ji kun jefa ludo don a ga ko tsohon nan zai iya samun bakinsa da cokali."

Direba ya fashe da dariya har yana ƙwarewa.

"Kuskure ne," in ji Ticha. "Mun daina."

"Na ji kun daina. Sai kuma na ji kun sa shi yana shafa fuskar mutane wai don ya gane su. Wa ya gaya muku ana haka? Ni in shafa fuskar Direba in sami me?"

"Kyau, Yaya."

"Gumi dai."

Nas ta kifa kai a tebur tana dariya. Auta ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙori ba. Ya san yayarsa. Ita ta rene shi tun yana ɗan shekara bakwai, bayan rasuwar iyayensu, kuma in ta fara da wasa to maganar tana baya.

Ta kurɓi shayi, ta ajiye.

"Amma fa ya gyaru. Tun mako na uku tsohon nan ya fara tafiya kamar mutum. Yana sauraron bango. Yana gane ƙofa a buɗe take daga iskar da ke fitowa. Na ce a raina, oho, wani ya je makaranta."

Ta ture kofin gefe.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Maimaita min abin da ya gaya wa jarumi ɗazu."

"Wasa ne kawai, Yaya."

"Na san wasa ne. Maimaita."

 Ɗazu maganar ta zubo masa ba gargada, yanzu kuwa ko kalmar farko ta gagara.

"Bari in taya ka," in ji ta. "Faɗa min abin da ke gabana, ka bar min ƙafata. Haka ne ko na rage?"

"Haka ne."

"Magana mai daɗi. Wallahi har sai da na ajiye saƙata na ce, ina ma tsohon nan ne ƙanena."

Ticha ya fara tattara takardunsa a hankali.

"Ko mu ɗan ba ku wuri, Yaya?"

"Zauna, Ticha. A gabanku ya faɗa, a gabanku zan tambaya. Ai ku ba baƙi ba ne."

Ta juyo da fuskarta daidai inda Auta yake. Ba ta taɓa kuskure wurinsa ba.

"Kullum ƙarfe ɗaya ina kunna rediyo. Kullum ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna kana kashe injin yankan katako. Ka ɗauka rediyon ya toshe min kunne."

Auta ya sunkuyar da kai.

"Sai in ji taku a shago. Tas. Tas. Kar. Ka san mene ne kar ɗin nan?"

Ta amsa wa kanta.

"Gaɓa ta uku ce. Ta yi sako-sako tun bara, na yi ta cewa zan ba ka ka ɗaure min, ina mantawa. Shekara shida tana hannuna, Auta. Ko cikin sanda ɗari aka buga ta zan ce ga tawa."

Nas ta dubi Auta, ta dubi mijinta. Direba ya ajiye biskit ɗin da ke hannunsa kamar an ce masa na sata ne.

"Ranar farko ka yi karo da benci sau uku, na ji kana tsaki. Mako na biyu sau ɗaya. Yanzu ba ka karo. Sai dai har yau kana dukan ƙasa da ita kamar mai kashe maciji. Shara ake yi, dama da hagu, ba duka ba."

"Yaya..."

"Ka rufe ido kana yawo da sandata a shago don makahonka na katako ya iya tafiya. Ni kuma mai ita ina ɗaki ina saƙa hula ta goma sha biyu."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Da ta yi faɗa, da ya sami abin karewa. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, ya rasa inda zai ajiye idonsa, ya ajiye shi a kan ɗan mutum-mutumin Tsoho da ke tsaye a tsakiyar gadar da Ticha ya zana.

"Mako biyar kina sane?" in ji Nas a hankali.

"Biyar da kwana biyu."

"Haba Yaya! Ai da kin gaya min, da na kawo miki wata washegari. Akwai su a wurin aikinmu."

"Na sani, ƙanwata. Da wata nake so da tuni na tambaye ki. In kin kawo, ita ma ta ɓata a cikin hayaniya fa? Ko in fita yana bina a baya kamar inuwa, yana riƙe numfashi? Tawa nake so, kuma daga hannun da ya ɗauke ta."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, Auta ya kai ƙarshen nasa. 

"Ni na ciro ki, Yaya."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Ke kin ji zafin, ni na gani. Na ga hannunki ya juya inda hannu ba ya juyawa. Na ga jini a goshinki, kina kiran sunana, mutane sun kewaye suna kallo. Har yau in na ji babur ya taka birki a layin nan sai guduma ta faɗi daga hannuna."

Muryarsa ta karye, ya tsaya ya gyara ta.

"Ke kaɗai gare ni. In wani abu ya same ki, wa zan ce wa Yaya?"

Ta miƙo hannu a kan tebur. Ya sa nasa a ciki. Ta shafa yatsunsa masu kanta, irin yadda take yi tun yana yaro in ya dawo da ciwo.

"Shi ya sa ban kai ƙararka wurin kowa ba. Na san ba mugunta ba ce. Amma duba nan, Auta: kai ke jin tsoron, ni ke zaman kurkukun. Wannan rabo bai yi ba."

"Na ce zan riƙa kai ki."

"Ka rufe shago safe da yamma? Ran da ka kwanta zazzaɓi fa? Ran da ka yi aure?"

"Wannan kam a bar shi a jerin abin da ba ya faruwa," in ji Direba.

Nas ta zungure shi da gwiwar hannu, amma Yaya ta yi dariya, dariyar ta ɗan sassauta ɗakin.

"Kuma ko za ka iya, ba na so," in ji ta. "A wurin nan ba a ce min 'yar'uwar kafinta. Ni ce wadda ta san wane ne ke tsoron allura, wace ce ke zuwa a makare ta ce mota ce. In na ɗaga waya, mutum bai san ina gani ko ba na gani ba, abin da ya sani na sama masa lokaci. Kujerar nan ni na yi ta. Jibi za a ba wata."

Ta saki hannunsa.

"Mako biyar ina sauraro in ji iya inda za ka bar tsohonka ya kai. Ka bar shi ya shiga kasuwa. Ka bar shi ya kwana a daji. Yau ka hau da shi gadar igiya, Direba yana roƙo kana hanawa. To, na ce ya isa. Mutumin da ya san wannan magana ya san abin da yake yi min."

Auta ya miƙe. Ba wanda ya tambaye shi ina za shi.

Shagon yana warin sabon katako da gam. Ya janye allunan da ke jingine ɗaya bayan ɗaya, ya zaro buhun, ya warware. Ya daɗe yana tsaye da ita a hannu. Zuciyarsa tana gaya masa ya ce ta karye, ya ce gobe, ya ce komai. Sai ya goge ƙurar da ke jikinta da gefen rigarsa, ya koma falo, ya durƙusa a gefen kujerar Yaya ya ɗora mata a cinya.

"Ki yafe min."

 Ta kama mariƙin, ta saki sauran, gaɓoɓin suka miƙe suka shige juna, ƙas-ƙas-ƙas. Ta bi ta da yatsu daga sama har ƙasa. Da ta kai ƙarshe ta tsaya.

"Wannan ba kanta ba ne."

"Tsohon kan ya tsage ranar. Na fiƙe mata sabo, na sa zobe."

"Ka ɓoye ta, kuma ka gyara ta."

"E."

"Ikon Allah. Ɓarawo mai wanke kayan sata."

Direba ya saki dariyar da ya daɗe yana dannewa. Yaya ta ɗora hannu a kan Auta, ta ɗan girgiza shi.

"Na yafe. Tashi, ƙasa da sanyi. Amma gaɓa ta uku ba ka ɗaure ba."

"Ban lura ba."

"Bar ta haka, na saba da surutunta."

Ta miƙe tsaye, ta gyara ɗankwalinta.

"Ƙanwata, miƙo min takalmina, suna bakin ƙofa ta dama."

Auta ya ɗago. "Ina za ki?"

"Tashar mota, in dawo."

"Yanzu?"

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata huɗu ban taka layin nan ba, ƙafa tana mantuwa. Gara in tuna mata yau da ran Litinin ina sauri."

"To bari in sa takalmi."

"Zauna."

"Daga nesa kawai, Yaya. Ba za ki ma ji ni ba."

"Kai? Da kake jan ƙafar hagu tun kana ɗan shekara goma?" Ta juyo sosai. "Saurara. Abu uku nake so. Ba za ka bi ni ba. Ba za ka kira ni ba. Ba za ka tura Direba ba."

"Ni ai ko an tura ni ba ni zuwa," in ji Direba. "Ina da gada a gabana."

"In ka bi ni yau, za ka bi ni jibi, za ka bi ni har abada, kuma ba ka ba ni komai ba ke nan sai ƙarfe. Ka yi alkawari."

Ya dubi Ticha neman agaji. Ticha yana goge tabarau da bai yi datti ba.

"Na yi."

"Faɗa duka."

"Ba zan bi ki ba. Ba zan kira ki ba. Ba zan tura kowa ba."

"Madalla. Ticha, ku ƙarasa da bawan Allahn nan, kun bar shi a tsakiyar ruwa."

Ta sa takalmi, ta buɗe ƙofar gida, hasken yamma ya shigo falon. Ta tsaya a dokin ƙofa ta ja numfashi mai tsawo, fuskarta ta saki irin sakin da Auta ya manta tana yi. Sannan ta sauka matakala biyun, ta bar ƙofar a buɗe.

Shar. Shar. Kar.

Haka ashe ake yi. Sandar tana sharar ƙasa a hankali, ba gaggawa, sautin yana raguwa kaɗan-kaɗan.

"To," in ji Ticha, ya mayar da tabarau. "Tsoho yana tsakiyar gada. Rami na uku yana gabansa, ya fi sauran faɗi. Auta, jefa."

Ɗan ludon yana tafin hannun Auta, ya dunƙule shi har kusurwoyin suna cizonsa. Kunnensa yana waje. Daga ƙofarsu zuwa kwana taku sittin ne, a can za ta juya hagu ta bi gefen shaguna zuwa tasha. Yana ƙirgawa a zuci. Sha takwas. Sha tara.

"Auta."

"Ina zuwa."

Direba ya dafa kafaɗarsa.

"Kwantar da hankalinka, mutumina. Me ya rage a layin nan da zai cuce ta? Kwatar ma ai ka gama da ita."

Nas ta ɗago daga kofinta. "Wace kwata?"

"Ta kwanar mana, wadda ta faɗa. Ke ba ki gani ba, kullum ta ƙofar shago muke shigowa. Ai tana asibiti ya kasa samun mai babur ɗin da ya buge ta, ya bar jaki ya daki taiki. Ya shimfiɗa mata katako, ya zuba siminti, ya shafe. Ni na ɗauko masa yashi. Aiki sumul, wallahi ba ki cewa an taɓa yin rami a wurin."

"Ka rufe ta?" Nas ta ajiye kofin. "Duka?"

"Duka," in ji Auta. "Har bakin."

"Ka gaya mata?"

"A'a. Me ya faru?"

Nas ta miƙe tsaye a hankali, hannunta a kan tebur.

"Na taɓa raka ta tasha, ta nuna min yadda take yi. Ba ta ƙirga taku a layin nan. Tafiya take yi kawai har kan sandar ya faɗa bakin kwatar. In ya faɗa, ta san ta iso kwana, sai ta juya hagu."



"In bai faɗa ba fa?" in ji Direba, muryarsa ta ƙanƙance.

Duk sun san abin da ke gaban kwanar. Taku goma ne zuwa babban titi.

"Za ta ji motoci," in ji Ticha da sauri. "Ai tana ji."

"Yau Asabar," in ji Nas. "Titin shiru yake, sai dai ɗaya ta taho a guje."

Auta bai san lokacin da ya kai ƙofa ba. Ɗan ludon ya faɗi daga hannunsa ya gangara ƙarƙashin kujera, ba wanda ya duba abin da ya nuna. Ya tsaya a dokin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a kan matakala, hannunsa riƙe da katakon da shi ya kafa.

Ga ta can, bayanta a miƙe, ɗankwalinta yana ɗan kaɗawa. Layin ba kowa. Tana tafiya cikin natsuwa, sandar tana zuwa dama tana dawowa hagu, tana neman abin da ya binne da hannunsa.

Ta iso kan simintin.

Sandar ta share shi, ba ta sami komai ba.

Taku ɗaya. Biyu. Kwanar ta wuce ta gefen hagunta. Uku.

"Kira ta," in ji Direba a bayansa. "Auta, kira ta mana!"

Sunan ya taho har bakinsa. Alkawarin da bai yi minti biyar ba ya tare shi a haƙori. In ya kira, ta gane ba zai taɓa barinta ba. In bai kira ba...

Huɗu.

Ta tsaya.

Ba ta juyo ba. Ta ɗaga hannunta na hagu, wanda ya karye, ta buɗe tafinsa ta baya, saitin ƙofar da yake tsaye: kada ka soma.

Sannan ta sauke hannun, ta ƙara taku ɗaya gaba.